Amsa ga mai tambaya kan rubutu a aikin injiniya

Ƙanena, ka tambaya ko ɗalibin Politeknik ta Marwa a Kamaru yana buƙatar koyon rubutu tunda lissafi ya zauna masa. Wallahi kada ka yi sake da shi. Ni aikin rijiyar burtsatse nake yi a kewayen Garwa, kuma rabin yinina kan takarda yake ƙarewa: rahoton irin ƙasar da muka ratsa mita bayan mita, ga takardun neman kwangila da Faransanci. Akwai ranar da ban rubuta zurfin da muka sa famfo ba. Da ya lalace, mai gyara ya sha wuya, ƙauye ya kwana uku ba ruwa. Har yau abin na damuna. Riƙe ɗan littafi a aljihu, duk abin da ka auna ka rubuta kafin magariba.