Amsa ga Yayana na Kano kan fim ɗin zobe

Yaya, na ga tambayarka, wai tunda da Faransanci muke kallon fim a Maradi, me ya rage mana na Hausa? Har ka ƙara da cewa Kaka ne ya jawo, da ya bar Baba ya auri Bagobira daga Tsibiri. To Inna dai ba ta jin ko kalma biyar ta Faransanci, kuma Hausarta ta ishe ku aro. Garin nan ma Katsinawan da suka bi Ɗan Kasawa bayan jihadi ne suka kafa shi, har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkinmu. Amma bari in bar wannan, kar a ce na ɗau zafi.

Gaskiya ne littafin Tolkien, The Lord of the Rings, da Faransanci muka karanta shi muna lakwal, wato makarantar boko, kwafi ɗaya yana yawo hannu-hannu har bangonsa ya cire. Shi ya sa hukuncinmu ya bambanta da naku da kuka fara da fassarar 'yan kasuwa. Finafinai ukun da darakta Peter Jackson ya yi daga littafin ya fitar daga 2001 zuwa 2003 ba mai raina su a nan. Duwatsun Niyu Zilan, inda aka ɗauki finafinan, sun cika ido, na ukun kuma bai ci Oscar 11 a banza ba. Cire Tom Bombadil, wani dattijo mai yawan waƙa a littafin, ma mun yafe, waƙe-waƙensa da ma gajiyar da mutum suke yi.

Abin da ba mu yafe ba shi ne ƙarshen. A littafi, Frodo, mai ɗauke da zoben, da abokansa sun koma ƙasarsu ta Shire suka tarar an sare itatuwa, an kafa dokoki, baƙi na mulki a ƙarƙashin mugun boka Saruman, sai da suka sake yin faɗa a ƙofar gidajensu. A fim kuwa sun koma lafiya lau, kowa na shan abinsa kamar ba a yi komai ba. Ku wannan ba zai dame ku ba, don ba ku taɓa barin gida ba.

Kaka cinikin gyaɗa ya kawo shi nan, da niyyar damina biyu kawai. Da ya koma Kano da furfura, ya iske an raba gidan, zaurensa ya zama shago, yaran unguwa na tambayarsa wa yake nema. Ya dawo Maradi bai sake zancen komawa ba, sai dai duk Sallah ya aika muku da goro da turmin atamfa. Ƙanwata da ta karanta masa babin komawar su Frodo gida tana juya shi da Hausa, cewa ya yi marubucin nan ya taɓa yin ƙaura.

Na The Hobbit kuwa, ɗan littafi aka ja har fim uku, ko a majalisarmu ba a ɓata shayi a kansa. Idan ka zo bikin Hadiza ka taho da fasfo ko katinka, a Ɗan Isa, bakin iyaka, ana tambaya.