Amsa ga ƙanenmu mai son barin waƙar mutum biyu

Ƙanena, ka tambaya ko ka bar waƙar soyayya ta mutum biyu ka koma rerawa kai kaɗai, tunda duk wadda kuka yi da mawaƙiya ita ake yabawa, kai kuwa ko sunanka ba a riƙewa. Wallahi na san wannan ciwon, kuma ina roƙonka kada ka bari.

A nan Gombe wani mai situdiyo ya sa na rubuta baitoci, muka rera da wata baiwar Allah, ya sallame ni da kuɗin mota, ya ce sauran sai waƙa ta fita. Ashe ya sayar wa masu fim, jarumi ya hau ta. Ban sani ba sai a wajen wani biki a Tudun Wada, inda aka saka ta ango da amarya suna takawa, mai gabatarwa ya kira sunan jarumin a matsayin mai waƙar, ina tsaye a wurin. Da na je wajen mai situdiyon ya bar ni a kan benci daga azahar har magariba, sannan ya fito ya ce mini a gaban yaransa ai alfarma ya yi mini da ya bari na shiga ɗakin ɗauka. Mutumin da nake kira Yaya, wanda ya sha cin tuwo a gidanmu! Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Amma haɗa murya da mace ba shi ya cuce ni ba. Dubi Peabo Bryson na Amurka, wanda aka haifa a 1951. Ya yi kundi guda da Natalie Cole a 1979, ya yi wani da Roberta Flack a 1983, sannan ya rera waƙoƙin finafinan Disney biyu, ɗaya da Celine Dion a 1991, ɗaya da Regina Belle a 1992. Grammy biyun da ya ci, wato babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, duk daga waɗannan biyun na ƙarshe suka fito. Mutane da yawa sun san waƙoƙin ba su san fuskarsa ba, amma sunansa yana rubuce a jikin kowane faifai. Gwanintarsa ita ce ya san lokacin da zai sassauta murya ya bar wa abokiyar waƙarsa fili, abin da samarinmu da yawa suke ganin kasawa ne.

Don haka kafin ka buɗe baki a situdiyo, ku rubuta yarjejeniya: wa ya rubuta, wa ya rera, wa ya mallaka, da shaidu. Ka kula da harkar kuɗinka ma, domin shi kansa Bryson a 2003 hukumar harajin Amurka ta yi gwanjon kayansa saboda bashin haraji. Kada kuma ka huce haushinka a kan mawaƙiyar, ita ma sau da yawa ba a biya ta ba. Ka tambaye ta, za ka ji.