Ceph ya rubuta min "pg inconsistent", in buga repair kawai ko in dakata?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah taimako nake nema, muna da ɗan ƙaramin kilasta na Ceph, manhajar nan da ke haɗa diskokin saba da yawa su zama ma'ajiya ɗaya, saba uku kowace da diski shida, kwafi uku muke ajiyewa. Yau da safe ina dubawa sai naga HEALTH_ERR, an rubuta 1 scrub errors da kuma Possible data damage: 1 pg inconsistent. Komai dai na tafiya lafiya babu mashin ɗin da ya tsaya. Abokin aikina yace in buga ceph pg repair kawai a wuce wajen, wani kuma yace kar in kuskura, wai shi repair kwafin OSD na gaba yake ɗauka ya danne sauran ko da shi ne lalataccen. Yanzu na rasa maganar wa zan ɗauka. Sannan naji ana maganar ceph-objectstore-tool, ko da shi ake gyarawa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka tukuna, wannan jan rubutun ya fi ban tsoro a ido, yawanci abinda ke ƙasa bai kai haka ba. Ka sake duba matsayin PG ɗin, wato rukunin datar da ake ƙorafi a kai, nasan zakaga active+clean+inconsistent, kalmar active ɗin nan ita ce ke faɗa maka har yanzu ana karatu ana rubutu, shi yasa babu mashin ɗin da ya tsaya. Saboda haka kana da lokaci, ba wuta ce ta kama ba.

Su kuma abokan aikin naka kowa da gaskiyarsa, sai dai ɗayan gaskiyar tasa ta tsufa. Bari in fara daga inda kuskuren ya fito.

Shi Ceph duk abinda ka zuba masa yayyanka shi yake gunduwa-gunduwa, a RBD, wato diskin da Ceph ke ba mashina, yawanci megabayit 4 kowace, sai ya tara gunduwoyin nan rukuni-rukuni, rukunin shi ne PG. Kowane PG a wajenka yana zaune kan OSD uku, OSD shi ne ɗan shirin da ke kula da diski ɗaya, a saba uku daban-daban, ɗaya shi ne jagora sauran biyun mabiya. To tunda babu tabbacin abinda aka rubuta bara yana nan yadda yake, sai Ceph ɗin ya riƙa fita sintiri. Akwai ƙaramin sintiri da yake yi kusan kullum, wannan girman gunduwa da bayanan da ke maƙale da ita kawai yake kwatantawa. Akwai kuma mai zurfi, deep-scrub, in baka canza saitin ba duk kwana 7 ne, shi kam sai ya karanta komai daga kan diskin bayit bayan bayit ya lissafa hatimi, wato checksum, lambar da ke canzawa in datar ta canza, ya gwada da na sauran. Kusan duk lokacin da mutum ya wayi gari da irin saƙonka, mai zurfin ne ya taka wani abu da daddare.

Maganar wanda ya hana ka, daga zamanin FileStore, tsohon tsarin da OSD ke ajiye data a diski, ta samo asali. A lokacin gunduwoyin fayil ne zalla a kan tsarin fayil na XFS, ma'ajiyar bata da hatimin kanta na bayanan, to in kwafi uku sun saɓa kuma babu wata shaida da za a rarrabe da ita, sai repair ya karkata ga jagora. Mutane sun sha wuya da hakan shi yasa labarin ya ƙi mutuwa. Amma tun fitowar Ceph mai suna Luminous a 2017 sabon tsari BlueStore ya zama shi ne na asali, shi kuma duk abinda ya rubuta sai ya buga masa hatimin crc32c, in aka zo karantawa hatimin bai yi daidai ba, ƙin bayarwa yake ya ce kuskure. Kaga kenan lalataccen kwafi da bakinsa yake tona kansa, ko jagora ne ko mabiyi, repair kuma ba zai zaɓe shi ba. FileStore ma daga fitowar Reef ta 2023 an daina tallafa masa gaba ɗaya. In kana kokwanto ka buga ceph osd metadata da lambar OSD ka duba layin osd_objectstore.

To shikenan in buga repair? A'a, saura kaɗan. Inda nake saɓawa da abokinka na farko kenan, ba wai repair zai ɓata maka data ba, a'a, da zarar ya gama rahoton abinda ya faru ya share, kai kuma baka san wane diski ne ya yi laifin ba. Gunduwar ta warke amma mai cutar yana nan kwance a cikin saba.

Ka fara da ceph health detail, zai baka lambar PG ɗin da OSD ɗin da yake kai, misali pg 3.1f da acting [7,2,14], na farko a jerin wato 7 shi ne jagora. Sai ka buga

rados list-inconsistent-obj 3.1f --format=json-pretty

ka ajiye abinda ya fito a fayil kafin ka taɓa komai. In ya ce maka No scrub information available kar ka damu, rahoton ne ya tsufa saboda PG ɗin ya motsa ko an tada wani OSD, sai ka buga ceph pg deep-scrub 3.1f ka jira ya gama ka sake tambaya.

A cikin rahoton akwai sunan gunduwar, sai jerin shards, kowane OSD da nasa layin errors. Nan ne duk labarin yake kuma nan nake so ka zauna ka karanta da natsuwa.

In kaga OSD ɗaya ne kawai ke da read_error sauran biyun errors ɗinsu fanko ne kuma data_digest ɗinsu iri ɗaya, wannan shi ne mafi sauƙi kuma shi na fi cin karo da shi. Diski ne ya kasa karanta wani sashe, ko ya karanto abinda hatimi ya ƙi. Haka ma in missing ne ko size_mismatch a kwafi ɗaya tak. Duk waɗannan repair na gyara su ba tare da wata fargaba ba.

In kuma kaga duka ukun sun karantu lafiya, babu wanda ya ce kuskure amma data_digest ɗinsu ya bambanta, to ɗaga hannunka daga kibod. Ma'anarsa kowane OSD ya rubuta abinda aka miƙa masa da gaskiya ya buga masa hatimi, amma ɗayansu tun kafin rubutun abin ya gurɓata. Nan ake zargin RAM, musamman in sabar bata da ECC, wato RAM mai gano kuskure ya gyara, ko wani kwaro a manhajar. Ka duba selected_object_info, in akwai hatimin da aka adana a can kuma biyu sun dace da shi, ka san na ukun ne ɗan ware. In babu, to a nan ne tsohuwar maganar wanda ya hana ka ke iya dawowa da rai. Akwai ma wani salo na uku, duka kwafin sun yarda da juna amma sun saɓa da hatimin da aka adana, zaka ga data_digest_mismatch_info a kowanne. Waɗanda suka hau Ceph 12.2.6 a 2018 sun san wannan, datar lafiyarta ƙalau hatimin ne aka rubuta ba daidai ba.

Mu ɗauka naka na farkon ne, read_error a osd.14. Kafin repair je ka gaida diskin. ceph osd find 14 zai faɗa maka sabar, ceph device ls ya nuna maka wane diski ne. Shiga ka duba dmesg, nemi Medium Error ko I/O error ko Unrecovered read error daidai lokacin da sintirin ya wuce. Sannan smartctl -a a kan diskin, kuma dan Allah kar ka tsaya a layin da ya ce PASSED, wallahi na ga diski yana gargara yana rubuta PASSED. Layi uku zaka duba in SATA ne, 5 Reallocated_Sector_Ct, 197 Current_Pending_Sector da 198 Offline_Uncorrectable. In kuma 199 UDMA_CRC_Error_Count ne ke hawa sauran suna sifili, to waya ce ko ramin da aka soke diskin, kar a je a yar da diski mai lafiya a banza.

Ka gama wannan, yanzu buga ceph pg repair 3.1f. Zai amsa da instructing pg 3.1f on osd.7 to repair, sai kaga shiru. Mutane da yawa anan suke rikicewa su yi ta maimaita umarnin kamar mai danna maɓallin lifta, alhali layi yake jira, shi ma repair ɗin sintiri ne mai zurfi sai ya samu gurbi a duka OSD ukun, in kuma kilastan na cikin recovery, wato yana maido da kwafin da suka ɓace, jiran na iya yin tsawo. Idan ya fara zaka ga scrubbing+deep+inconsistent+repair a matsayin, in ya gama log zai rubuta wani abu kamar repair 1 errors, 1 fixed, sai jan rubutun ya tafi da kansa.

Sauran hukunci kan diskin ne. Sashe ɗaya da ya lalace sau ɗaya a diskin da ya shekara yana aiki, ni dai gyarawa nake in rubuta ranar in sa masa ido. Amma in osd.14 ɗin ya sake fitowa a wani PG sati mai zuwa, ko lambar 197 na ƙaruwa, babu wani lallashi, ceph osd out 14, a jira data ta kwashe, a tambayi ceph osd safe-to-destroy osd.14 sannan a zare shi. Ga wani abu da ya shafe ka kai musamman: saba uku gareka kwafi uku, kowace saba dole ta riƙe kwafi ɗaya, saboda haka kayan diskin da ka fitar ba za su watsu cikin kilastan duka ba, kan biyar ɗin da suka rage a wannan sabar za su sauka. Ka duba ceph osd df tukuna, gargaɗin nearfull a kashi 85 yake, a 90 backfill, wato kwashe data zuwa wasu OSD, ke tsayawa, a 95 rubutu ma ya tsaya cak. Kar garin gyaran gira a rasa ido.

Na taɓa duba wani kilasta da suka kwashe makonni kullum da safe sai an buga repair, har sun rubuta ɗan sikirif yana yi musu, suna ganin sun yi dabara. Da muka tattara tsofaffin log sai gashi kurakuran a OSD daban-daban suke amma duk saba ɗaya. Diski shida ba sa haɗa baki su lalace tare, RAM ɗin sabar ne. Shi yasa ma osd_scrub_auto_repair a kashe yake zuwa, in ka kunna shi yana gyara abinda bai wuce kurakurai 5 ba da kansa. Ban hana kunnawa a BlueStore ba, amma sai in akwai mai karanta log, in babu to ka rufe bakin ƙararrawa ne kawai.

Sai ceph-objectstore-tool da ka tambaya. A halin da kake ciki baka buƙatarsa, kuma ina fatan kar ka buƙace shi. Wuƙar tiyata ce, kai tsaye take shiga cikin ma'ajiyar OSD babu mai tsaron ƙofa, in ka goge abu ya gogu. Amfaninsa shi ne irin wancan yanayi na biyu, inda kwafi uku suka saɓa kana so ka ga kowanne da idonka, tunda rados get daga jagora kawai yake ɗebo maka, a BlueStore kuma babu fayil ɗin da zaka leƙa ka kwafa. Yadda ake yi, ka saka ceph osd set noout don kar bayan minti 10 kilastan ya ɗauka OSD ɗin ya mutu ya fara kwashe kaya, ka tsayar da OSD ɗaya tak, kar ka haɗa biyu na PG ɗaya lokaci guda don in min_size ɗinka 2 ne, wato mafi ƙarancin kwafin da PG ke aiki da su, PG ɗin zai daskare. Sai ka nuna masa --data-path na OSD ɗin, abu na farko --op export na PG ɗin zuwa wani diski daban, wannan shi ne madogararka in hannu ya zame. Daga nan get-bytes ya fito maka da gunduwar, ka tada OSD ɗin ka jira ya koma daidai, ka je na gaba. In ka tara ukun ka gwada su da sha256sum da cmp. Sunan gunduwar ma yana taimako, in ya fara da rbd_data ka ɗauki lambar da ke biye ka nema a block_name_prefix na rbd info, zaka gane diskin wane mashin ne, wataƙila ma kana da bakof ɗinsa ka kwatanta. Sai ka tabbatar da lalataccen sannan ka sake tsayar da OSD ɗinsa ka cire shi da remove, ka tada OSD, ka cire noout, ka buga repair ya cike gurbin daga masu kyau.

Wani abu kuma kar ka haɗa su, in wata rana kaga unfound objects wannan wata cuta ce daban, Ceph ya san akwai sabon kwafi amma bai ga OSD ɗin da ke riƙe da shi ba. Maganinsa dawo da OSD ɗin da ya faɗi. Umarnin mark_unfound_lost da zaka gani ana ta yaɗawa, revert ko delete, sallama data ne da hannunka, sai an ƙure duk wata hanya.

In ka samu dama turo min abinda list-inconsistent-obj ya fitar, da layukan 5 da 197 da 198 na diskin da ake zargi, da kuma ceph versions, sai in faɗa maka ko na repair ne kawai ko diskin ma tafiya zai yi.