Bishiyar Mapul a Kasko: Hunturun Kumasi Bai Ishe Ta Ba

Yawanci tambayoyin da ke zuwa mini na masara ne da barkono da koko. Amma tun da hunturu ya kama, mutum huɗu suka aiko da tambaya a kan bishiya ɗaya, wato mapul, wadda ake renonta 'yar ƙarama a kasko irin na Japanawa, abin da ake kira bonsai. Sai na ga gara in haɗa amsar wuri guda.

Wani Alhaji daga Aboabo ya ce: "Ɗana ne ya kawo mini ita daga Jamus bara, ganyenta ja wur. Yanzu ganyen ya koma kore, bakinsa ya ƙone, sabon tohon kuma ƙanana ne. Tun da sanyi ya shigo nake shigar da ita ɗaki da dare, ina lulluɓe ta da zane. Sanyin ne yake cin ta?"

Alhaji, Allah ya saka wa yaron da alheri. Amma zanen nan a mayar wa mai shi. Bishiyarka ba sanyi ke damunta ba, rashinsa ne.

Irin da aka fi yin bonsai da shi, wanda masana ke kira Acer palmatum, asalinsa dazuzzukan Japan ne da Koriya. A can, idan watan Oktoba da Nuwamba suka zo, yini yakan gajarta, dare ya yi sanyi, sai bishiyar ta janye abincin da ke cikin ganye ta ajiye a jiki da saiwa, ta zubar da ganyen, ta kwanta barci. Jan launin da ake sha'awa a hotuna na wannan lokacin ne: koren ganye ya gushe, rana mai haske da dare mai sanyi su fito da jan. Daga nan idanun toho ba sa buɗewa yadda ya kamata sai sun sha sanyi na tsakanin digiri 0 zuwa 7 har tsawon mako shida zuwa wata uku. Wannan barcin ba ado ba ne. Da shi take tara ƙarfin shekara mai zuwa.

To mu a Kumasi fa? Muna kusa da tsakiyar duniya, tsawon yininmu kusan awa 12 ne daga Janairu har Disamba, don haka babu abin da zai sanar da bishiyar cewa lokacin kwanciya ya yi. Asubar hunturun da muke sa rigar sanyi, yara na ƙin wanka, ma'auni yana wajen digiri 20 ne. A wurin mapul wannan tsakiyar lokacin girma ne. Kama da wane ba ta wane: hunturunmu iska ce busasshiya mai ƙura daga Sahara, ba sanyin da ke kwantar da bishiya ba. Shi ya sa take ta toho ba hutu, kamar wanda ya kwana yana aiki ya wayi gari ya ci gaba. Shekarar farko tana cin ajiyar da ta zo da ita. Ta biyu sai ka ga toho ƙanana, rassa suna bushewa daga tsini. Abin da ka gani ke nan.

Ƙunar bakin ganyen kuwa aikin iskar hunturu ce da rana. Ganyen mapul siriri ne, ruwa na fita daga cikinsa da sauri fiye da yadda saiwar da ke cikin ɗan kasko za ta iya kawo wani. A nan kam akwai abin yi tun yau. Ka ajiye ta waje, inda ranar safe kaɗai za ta same ta, a bayan bangon da ya tare iskar arewa maso gabas. Ka sa faranti da tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin kaskon, amma kada gindinsa ya nutse. Ka taɓa ƙasar da yatsa safe da yamma, in sama ta fara bushewa ka ba da ruwa har ya ɗiga ta ƙasa. Da yamma a wanke ƙurar ganyen. Taki kuma a dakata da shi. Ba a ɗura wa gajiyayye tuwo. In kana shakkar wani reshe, kankare bawonsa kaɗan da farce. Kore a ciki, yana da rai. Ruwan ƙasa, ya tafi.

Wannan duk jinya ce, ba magani ba. Maganin yana cikin tambaya ta gaba.

Wani matashi mai sayar da furanni a Asawase ya ce: "Baba, na ji ana sa su a firji. Gaskiya ne, ko labarin intanet ne?"

Gaskiya ne, ɗana, masu reno a ƙasashe masu zafi suna yi. Sai dai ba ɗauka a jefa ba ne. Bishiyar da ke cike da ɗanyen ganye, in ka fito da ita daga zafin digiri 30 ka kulle ta a duhu mai digiri 4, ba barci ka sa ta ba, azabtar da ita ka yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Oktoba za ka tsayar da taki, ka rage ruwa kaɗan, ka ƙara mata inuwa. Daga ƙarshen Nuwamba ka fara sa ta a firji da magariba, ka fito da ita da hantsi, kana ƙara tsawon zaman a hankali har mako biyu ko uku. Da haka ka ba ta dogon dare da sanyi a lokaci guda, abubuwa biyun da take jira. Ganyen da bai zube da kansa ba ka yanke shi da almakashi a tsakiyar ƙafarsa, kada ka fizge, don idon toho yana nan a hammatar ganyen. Sannan ka jiƙa ƙasar, ka bari ta tsane, ka sa kaskon a leda mai 'yan huji, ka ajiye a firji mai digiri 2 zuwa 5. Firji na ce, ba firiza ba. Kowane mako ka buɗe ka duba: ƙasar ta kasance da danshi kamar wankin da aka matse, in ka ga farar hunhuna a reshe ka goge, ka bar ledar a buɗe kwana ɗaya.

Kada ka haɗa ta da ayaba ko tuffa ko mangwaro ko tumatir. 'Ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke lalata idanun toho. Wannan kaɗai ya isa ya haɗa ka rigima da uwargida, don haka wanda ya nufi abin da gaske firji na daban yake saya. Ka lissafa kuɗinsa da na wuta kafin ka fara.

Sai babban abokin gabarka, dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Ɗaukewar wuta ta awa uku ko huɗu ba komai, in ba a buɗe ƙofar ba. Ka jera gorunan ruwa a ciki, suna riƙe sanyi. Amma in aka kwana biyu babu wuta bayan bishiyar ta sha makonni a sanyi, tana iya ɗauka lokacin tashi ya yi, ta fito da farin toho mai laushi a cikin duhu. In haka ta faru kada ka mayar da ita, ka fito da ita inuwa kawai, barcin bana ya ƙare.

In komai ya tafi daidai, fitar da ita wajen ƙarshen Maris, lokacin da ruwan farko ya fara sauka gari ya yi lumshi. Kada ka fito da ita a Fabrairu, tsakiyar zafi. Mako biyu a inuwa sosai tukuna. In za a sauya mata ƙasa ko a rage saiwa, lokacin da idanun suka kumbura ne, kafin su buɗe. Ni dai a ganina wahalar ta fi ladan, domin ko ka ba ta sanyin, sauran wata taran na zafi da dare mai ɗumi suna nan. Amma in za ka gwada, nemi irin da ake kira Acer buergerianum, mai ganye tsaga uku, ɗan asalin Sin. Ya fi na Japan jure zafi nesa ba kusa ba.

Wata Hajiya daga Tafo Zango ta ce 'yarta da ke aure a Toronto tana da irin wannan bishiya, ta shigar da ita falo kusa da na'urar ɗumama ɗaki saboda tausayi.

Hajiya, ki kira ta yau. Ta mayar da falonta Kumasi ke nan, alhali sanyin da muke nema da firji yana bakin ƙofarta kyauta. Sai dai can ma akwai iyaka. Rassan mapul suna jure sanyi mai tsanani, amma saiwar da ke kasko ba ta da kariyar da ta cikin ƙasa ke da ita, kuma takan lalace idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili. Mai ganye tsaga uku ma ba ya kai nan, saiwarsa ta fi ruwa-ruwa. Toronto kuwa takan wuce wannan a Janairu.

Ta bar ta waje har ganye ya zube, sannan ta kai ta gareji ko rumfar da ba a ɗumamawa. Bishiyar da ba ganye ba ta bukatar haske. In babu gareji, ta binne kaskon a ƙasa har bakinsa a gindin bango, ta rufe da ɓawon itace ko busasshen ganye. Dusar ƙanƙara in ta rufe shi alheri ce, bargo ce. Abin da ya fi kashe su iska ce mai busar da rassa alhali ƙasar kaskon ta daskare, saiwa ba ta iya jan ruwa. Ta ba da ruwa jefi-jefi a ranar da ƙasar ta narke. Ta kuma kula da watan Afrilu, don sanyin dare ɗaya ya isa ya ƙone sabon toho. Wadda ta riga ta daɗe a falo kada a fitar da ita kai tsaye cikin ƙanƙara, a fara da wuri mai ɗan sanyi.

Wani kuma ya tambaya ko zai kai tasa Abetifi ko Amedzofe, tunda kan dutse ne.

Za ta ji daɗin daren can fiye da na Kumasi, ganyen zai rage ƙuna. Amma babu wani tudu a Ghana da zai ba ta digiri 7 na makonni. Ga masu shirin sa a kawo musu daga waje kuma, shigo da shuka mai rai yana bukatar izini daga sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, da takardar lafiyar shuka daga ƙasar da ta fito. Ba kayan cusawa a akwati ba ne.

In sha'awar reno ce ta kama ku, bonsai salo ne, ba sunan bishiya ba. Cediya da durumi suna karɓar aski kamar don su aka yi shi, kuma reshe kawai za ka dasa. Tsamiya ganyenta ƙanana ne tun asali, ga bawo mai kama da na tsohuwar bishiya. Bishiyar kariya tana ba da gindi mai kauri da fure. Kuka kuwa ita ma tana barcinta, sai dai fari ne ke kwantar da ita ba sanyi ba: da ta zubar da ganye a farkon hunturu ka janye ruwa, ka kawar da kaskon daga inda ruwan sama zai same shi, sai ka ga toho kafin ka sake ba ta. A Kumasi ruwanmu ya yi mata yawa, saboda haka rabin ƙasar kaskon ya zama tsakuwa da yashi mai kaushi. Ƙwayar kukar kuma ka goge bawonta a kan dutse, ka jiƙa ta kwana ɗaya kafin ka shuka.