Ɗan kwangila ya ɓata min kicin, in riƙe cikon kuɗinsa ko in biya?

Saƙonni uku na ɗauka wannan satin kuma duk akan aikin kicin ne. Na farkon zan ɗan tsaya a kansa saboda kuɗin da ke ciki suna da yawa kuma ana dab da yin kuskuren da bazai gyaru ba.

Wata baiwar Allah daga jihar Maryland ta Amurka ta rubuto: "Mun ba wani ɗan kwangila mai lasisi aikin sake kicin ɗinmu akan dala 24,000, mun biya 18,000 saura 6,000. Wata biyu yace zai gama, yanzu muna cikin na biyar. Ƙofofin kabinet sun karkace, tayil uku sun tsage, ƙarƙashin sinki yana yoyo har katakon ya kumbura. Yace sai mun cika masa kuɗinsa zai dawo ya gyara. Maigidana yace mu bar shi da Allah kawai mu kira wani ya ɓamɓare a sake. Ya zamu yi?"

Hajiya sannu da haƙuri, wata biyar mace ba ta da kicin ga yara ga aiki ba ƙaramin abu bane. Amma dan Allah ki roƙi Alhaji ya dakata da maganar ɓamɓarewar nan, domin ranar da aka cire kabinet ɗin nan aka zuba a shara ranar hujjarku ta tafi. Gobe mutumin zai tsaya yace shi aikinsa lafiya lau ya bar shi, ku kuma ba ku da abin nunawa sai baki.

Yoyon ne kaɗai bazai jira ba. Ku rufe kan famfon da ke ƙarƙashin sinkin yau ɗin nan, ku ɗauki hoto da bidiyo ruwan na ɗiga, in ta kama ku kira mai gyaran famfo mai lasisi ya tsayar da shi ya rubuta muku abin da ya gani a takarda ku ajiye da rasit. In kuka bari ruwa ya ci gaba da jiƙa ƙasa har ya ruɓe za a ce ku kuka zuba ido ɓarnar ta ƙaru. Sauran kuma ku bi su ɗaya bayan ɗaya da kyamara, ƙofar da ta karkace ku ɗora mata awon lebur ku ɗauka, tayil ɗin da ya tsage ku ɗauke shi kusa da nesa. Sannan ku nemi wani ɗan kwangilar mai lasisi, biyu ma sun fi, su duba su rubuta muku me aka ɓata kuma nawa zai ci a gyara.

Maganar ciko kuwa ni a ganina kar ku biya. Dala 6,000 ɗin nan ita kaɗai ta rage da zata sa ya ɗaga wayarku. Mutumin da ya karɓi kashi uku cikin huɗu bai gyara ba, ban ga abin da zai sa ya gyara bayan ya karɓe duka ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Sai dai ku buɗe takardar kwantiragin ku karanta wajen da aka tsara biyan kuɗi, galibi kason ƙarshe an ɗaura shi ne da kammala aiki, in haka ne kuna kan gaskiyarku. In kuma an rubuta wani abu daban to ku nuna wa lauya kafin ku ƙi biya, kar ya zama ku ne kuka fara karya yarjejeniya. Kuma kar ku riƙe kuɗin shiru. Ku rubuta masa wasiƙa, ku jero kurakuran, ku haɗa hotuna, ku ce ga kwana 14 ka zo ka gyara, cikonka yana nan ranar da aka gama zamu biya. Ku tura ta imel ku kuma tura ta gidan waya irin wadda sai ya sa hannu ya karɓa.

Na san abin da zaki ce, mutumin da ya ɓata sau ɗaya me zai sa ki sake buɗe masa ƙofa. Ga dalilin. A Maryland hukumar da ke ba irin waɗannan lasisi ita ce Maryland Home Improvement Commission, MHIC, kuma tana da wani asusu da masu lasisin suke zuba kuɗi a ciki, daga nan ake biyan mai gidan da ɗan kwangila mai lasisi ya cuta da mugun aiki ko aikin da bai ƙarasa ba. Ana biya har dala 30,000 ga mutum ɗaya, ba a wuce abin da kuka ba ɗan kwangilar, kuma sai kun shigar da buƙatar cikin shekara 3 daga sanda kuka gano ɓarnar. To dokar ta ba hukumar damar ƙin biya in aka ga ɗan kwangilar ya zo da niyyar gyara tsakani da Allah mai gida ya kore shi ba da dalili ba. Wasiƙar nan ita ce zata rufe wannan ƙofar. In ya zo ya gyara alhamdulillahi, in ya ƙi kun sami shaida da hannunsa.

Ki kuma san yadda ake lissafin dan kar ki sa rai da yawa. Ana haɗa abin da kuka biya shi da abin da zaku biya wani ya gyara ya ƙarasa, sai a cire kuɗin kwangilar na asali. Misali in sabon mai aikin yace 11,000, a haɗa da 18,000 ya zama 29,000, a cire 24,000, asararku 5,000 kenan. Kuɗin abincin waje da kuka yi ta saye wata biyar da kuɗin lauya da ɓacin rai asusun baya biyansu. Kuma ba abu ne na sati biyu ba, akwai bincike akwai zaman sauraro, sai an yi haƙuri. In asarar bata wuce dala 5,000 ba kuna iya zuwa sashen ƙananan ƙararraki na kotun gunduma ba sai da lauya ba. Ku duba kuma ko kwantiragin yana da sharaɗin cewa in rigima ta taso sai an je gaban mai sasanci, domin in yana ciki shi zai canja muku hanyar da zaku fara bi.

Abu ɗaya da mutane suke mantawa, lasisin MHIC bai ba mutum damar yin aikin famfo ko wayarin ba, waɗannan lasisinsu daban. Ku tambaye shi a rubuce wa ya haɗa fayif ɗin sinkin nan, kuma an ciri famit ɗin aikin ko ba a cira ba. In kuma ya fara barazanar zai ɗora wa gidanku bashi ta yadda bazaku iya sayarwa ba, kar hankalinki ya tashi, a Maryland sai ya bi ta kotu kuma za a ji ta bakinku. Amma duk takardar kotu da ta zo kar a ajiye ta a durowa, a kai wa lauya a ranar.

'Yan uwa da ke wasu jihohin kar ku ɗauki wannan ku ce haka yake ko'ina. A Maryland kafin alƙalami baya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin, a Kalifoniya kuwa kashi 10 cikin 100 ne ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta, Tekzas ma jihar bata ba 'yan kwangilar gyaran gida lasisi gaba ɗaya sai masu famfo da lantarki da irinsu. Shi kuma lasisi ba shaidar iya aiki bace, amfaninsa shi ne akwai wajen da zaki kai ƙarar mai shi kuma yana da abin da yake tsoron rasawa.

Game da bar shi da Allah da Alhaji yace, yafiya abu ne mai kyau kuma haƙƙinku ne ku yafe. Ni dai ina tuna matar da zai shiga gidanta bayan naku ne, ita ma tara kuɗin ta yi.

Na biyu daga Kano: "Surukin abokina kafinta ne, na ba shi aikin kabinet na kicin naira miliyan 2 da dubu 800, mun yi da shi zai sa marin bod, katakon nan mai jure ruwa, na biya duka tun farko saboda yace kaya suna tashi. Damina ɗaya ƙasan duk ya kumbura, wani kafintan yace min MDF ne. Ba mu yi takarda ba sai hirar WhatsApp. Yanzu baya ɗaga waya. In kai shi wajen 'yan sanda?"

Malam ka fara tabbatarwa da idonka tukuna, dan kafinta yana iya kushe aikin ɗan uwansa dan ya samu aiki. Leƙa ramin da aka huda wa fayif a bayan sinki ko ka kwance hinji ɗaya ka dubi cikin katakon. In ka ga falle-falle a jere kamar shafukan littafi to filawud ne irin na marin bod, in ka ga abu sumul kamar garin katako da aka danne to MDF ne, shi kuwa da ya sha ruwa yake kumbura kuma baya komawa. Ka ɗauki hoto.

'Yan sanda ban ba ka shawara ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kawai saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba, kuma an sha ganin wanda ya kai ƙara shi ya koma ana tuhuma da tauye haƙƙi. In kana ganin sauya kayan nan ya kai zamba to lauya ne zai faɗa maka, ba zuciya ba. Kuma ko an tsare shi kwana biyu kabinet ɗinka yana nan a kumbure ga zumunci ya ɓaci.

Hirar WhatsApp ɗin nan kar ka raina ta. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da shaidar da ta fito daga waya da kwamfuta in an cika sharuɗɗanta, dan haka kar ka goge komai, kar ka sayar da wayar, ka nemo wajen da yace marin bod ko a rubuce ko a murya, ka haɗa da alat ɗin tiransifa. Sai ka je wajen abokinka da ya haɗa ku, ka ce a zauna. In bai yi ba akwai shugabannin ƙungiyar kafintocin yankinsu, su yana jin kunyarsu fiye da kai. A zaman kar ka tafi da zagi, ka tafi da buƙata ɗaya tak, ko ya sake ƙasan kabinet ɗin da kayan da aka yi alkawari zuwa rana kaza, ko ya dawo da bambancin kuɗin. A rubuta a sa hannu da shaidu biyu. A nan ne mu ke faɗuwa wallahi, sai an zo rubutu kunya ta kama mu a ce haba ai an zama ɗaya, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani akan rubuta bashi ta sauka. A fiƙihu ma wanda ya ba da a ƙera masa abu da siffa kaza aka kawo masa saɓaninta ba a tilasta masa karɓa.

In sulhun ya ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya FCCPC da kuma ta jihar Kano, dokar 2018 da ta kafa ta tarayyar ta shafi aikin hannu ma ba kayan kanti kaɗai ba. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki a Kano wadda aka yi dan irin wannan, zaka iya tsayawa da kanka, ana farawa da takardar neman biya da za a kai masa. Sau da yawa takardar ma kaɗai ta isa ta sa waya ta fara shiga.

Na uku wata amarya ce daga Kaduna: "Mutum biyu sun ba ni farashin kicin, ɗaya ya fi ɗaya araha da kusan dubu 600. Wa zan ɗauka, kuma ni zan sayi kaya ko in bar musu?"

Ƙanwata kar ki zaɓa tukuna, ki ce kowa ya warware miki farashinsa, wane katako ne kuma kaurinsa nawa, wane hinji da layin durowa, giranit ɗin kaurinsa nawa, kuɗin aiki nawa. Yawanci dubu 600 ɗin nan a cikin katako da hinji take ɓoye. Ki ce kuma kowa ya kai ki kicin ɗin da ya yi shekara biyu da suka wuce, ba hoton sabon aiki a waya ba, ki buɗe ƙarƙashin sinki ki shinshina ki taɓa.

In kuɗin basu kai a yi duka da marin bod ba, a yi ƙasan da shi musamman wajen sinki, na saman bango a yi da mai sauƙin kuɗi, kuma a ɗaga kabinet ɗin daga ƙasa da ƙafafu ko dakalin siminti saboda ruwan mofin. Kaya kuwa ku je kasuwa tare, shi ya zaɓa ke ki biya ki riƙe rasit, ta haka bazai ce kayanki ne basu da kyau ba ke kuma kin ga abin da aka saya. Kuɗin aikin ki raba shi uku ko huɗu kina biya bayan kin ga kowane mataki, sai ki rubuta tun ranar farko cewa zaki riƙe kashi 10 cikin 100 har wata ɗaya bayan kin fara girki a ciki, dan yoyo baya nuna kansa ranar da aka miƙa makulli. A manyan kwangiloli ma ana riƙe wani kaso haka na watanni. Wanda ya yarda da wannan sharaɗin a cikinsu shi zaki ba aikin ko da shi ne mai tsadar.