Ɓarawon gwamnati ba ya sauka Misfala

Ƙanena, ka ce ana ta faɗa a Kano wai duk wanda ya wawure kuɗin gwamnati ya gudo Makka, mu Hausawan nan ne ke ɓoye shi. Wa ya ce maka yana nemanmu? Mai irin wannan kuɗi a otal ɗin da tagarsa ke kallon Ka'aba yake sauka, ba ya shigowa lungunan Misfala ko Shari' Mansur. Sai dai mu haɗu a sahu.

Wanda muke sha da shi daban ne: ma'ajin adashi, ko mai riƙe asusun da muke tarawa don marar lafiya da wanda tara ta hau kansa. In ya ci, da wuya a kai shi wurin shurɗa, wato 'yan sanda. Ba don tausayi ba. Cikin masu zubi akwai waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu, kuma mai kai ƙara na iya ƙarewa a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, kafin wanda ya kai. Don haka dattawa ake kira bayan Isha'i, a buɗe littafin zubi a gabansa, a yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata, wani nasa ya tsaya masa. In ya sulale ya koma gida, kafin jirginsa ya sauka an riga an bugo wa yayyensa waya, an gaya wa surukansa. Kunya ke karɓo mana kuɗinmu, kuma sau da yawa tana karɓowa.

Dukiyar hukuma kuwa ba ta sulhun zaure ba ce. Nan akwai Nazaha, hukumar yaƙi da cin hanci ta Saudiyya, ba ta wasa. Ka tuna 2017 da aka tsare 'ya'yan sarauta da attajirai a otal ɗin Ritz-Carlton na Riyad, hukuma ta ce an sasanta kan dukiyar da ta haura riyal biliyan 400. Amma ba za a kama maka ɗan Najeriya don jita-jita ba, sai ƙasarku ta aiko da takarda da hujja. Wajen aiko da takardar ne ake jan ƙafa. Abdulrasheed Maina na kuɗin fansho da ya tsallake beli, a Nijar aka cafko shi a 2020, ya sha ɗaurin shekara 8 a 2021, wannan ma don maƙwabta ne. Abacha ya rasu 1998, amma sai 2017 aka sa hannu kan dawo da dala miliyan 321 daga Suwizalan.

Turawan Tarayyar Turai da suka gaji, a 2021 suka buɗe ofishin mai gabatar da ƙara guda a Luksambag, yana bin masu cin asusunsu na haɗaka daga ƙasa zuwa ƙasa, ya gurfanar da su. Ƙasashen Musulmi sun amince da Yarjejeniyar Makka ta yaƙi da cin hanci a Jidda a 2022, amma ta musayar bayani ce tsakanin hukumomi, ba mai ikon kai kowa kotu. In kana da sunan wani da hujjarka, EFCC za ka kai wa, ba ni ba.