Ciniki yana ƙaruwa, shago yana ramewa: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Kano, a kasuwar Singa nake sari. Cinikina ya fi na bara, amma duk na je kasuwa sai in dawo da kaya ƙasa da na da. Wani abokina ya ce in karɓi bashin banki in cika shago. In karɓa?

Amsa: Malam, kada ka kusanci bashin nan tukuna. Alamu sun nuna uwar kuɗi kake ci kana zaton riba ce. A ce ka saro kwalin taliya a kan naira 18,000, ka sayar 20,000, ka rubuta ribar 2,000. Ka koma Singa ka tarar kwalin ya kai 19,500. To, ribarka ta gaskiya 500 ce, kuma daga cikinta za ka biya mota da ɗan dako. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, wannan ciwon ya durƙusar da ƙananan 'yan kasuwa masu yawa. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Saboda haka ka riƙa auna riba da farashin da za ka sake saro kayan yau.

Sai kuma aljihun teburin shago. A wurin yawancinmu daga nan cefane yake fita, da kuɗin makarantar yara, da gudunmawar biki, babu wanda ya rubuta. Ka yanka wa kanka albashi na wata, ka tsaya a kansa ko da zuciya ba ta so. Ka sayi littafi, kowane dare ka rubuta cinikin ranar, da abin da ya fita, da bashin da ka bayar. Bashin maƙwabta na "rubuta, zan kawo" shi ma jarinka ne yake kwana a gidajen mutane. Ƙarshen wata ka ƙidaya kayan da ke kan kanta ka yi musu kuɗi. Wannan ƙidayar za ta yi maka amfani ranar fitar da zakka ma.

Bayan wata uku littafin zai nuna maka kayan da suke saurin fita da waɗanda suke shan ƙura. Idan har za ka nemi jari, na masu saurin fita za ka nema. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, kuma bankunan kasuwanci sama da haka suke bayarwa. Bankuna irin su Jaiz da TAJ suna da murabaha, wato su sayi kayan su sayar maka da ƙari sananne, ka biya a hankali. Ko a nan ma ka kwatanta ƙarin da ribarka ta gaskiya. In ƙarin ya fi ta, ka haƙura.

Tambaya: Ina sayar da zoɓo da ƙanƙara a gida. Janareta zan saya wa firizata, ko in daure in haɗa sola?

Amsa: Hajiya, arhar janareta a ranar saye take ƙarewa. Ki tambayi mai irin sana'arki man nawa take ƙonawa a wata, da kuɗin baƙin mai da gyara. Ki cire farashin janareta daga na sola, ki raba abin da ya rage da wancan kuɗin na wata. Adadin da ya fito shi ne watannin da sola za ta mayar miki da kuɗinki. Ki tuna batir yana mutuwa, dole ki riƙa ware masa wani abu, kuma na litiyam ya fi tsada amma ya fi daɗewa. Ki yi lissafin da cinikin lokacin hunturu, sa'ad da masu neman sanyi suke raguwa, domin idan biya a hankali za ki yi, a watannin nan ma sai an zo karɓa. Kada ki biya kowa sai ya auna ƙarfin wutar da firizarki take ja, ya kuma ba ki garanti a rubuce.